Yadda Ake Neman Warware Hukuncin Kotu Idan Sakacin Lauya Ne Ya Jawo Shi

Tambayar da ake yawan yi mini kusan iri ɗaya ce. Mutum ya ɗauki lauya, ya biya kuɗi, ya koma harkokinsa hankali kwance, sai wata safiya ya tarar da ma'aikatan kotu da 'yan sanda a ƙofar shagonsa, ko banki ya shaida masa cewa an riƙe kuɗin asusunsa bisa umarnin kotu. Sai a lokacin yake gano cewa an yanke hukunci tun watannin baya, lauyan kuwa bai halarci zama ba, ko bai shigar da takardun kariya ba, ko ya bari lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce. Wannan jagora ta shafi shari'o'in da ba na laifi ba a kotunan Najeriya, wato rikicin fili, bashi, kwangila, gado da makamantansu.

Kotun Ƙoli ta daɗe da tsayawa a kan cewa ba a ɗora wa mai shari'a laifin lauyansa, tun daga shari'ar Doherty da Doherty a 1964 da ta Bowaje da Adediwura a 1976. Sai dai wannan rangwame na wanda ya nuna cewa shi kansa bai yi sake ba ne, kuma kowane mataki da ke ƙasa an tsara shi ne domin ka iya nuna hakan da takarda.

1. Lissafa kwanaki tun yau

Ka rubuta rana biyu: ranar da aka yanke hukunci, da ranar da labari ya iso maka, tare da yadda ya iso. Idan takarda aka liƙa a ƙofarka, ka ɗauki hotonta kafin ka cire. Idan saƙon banki ne ya shigo wayarka, kada ka goge shi.

A dokokin manyan kotunan jihohi da yawa, wanda aka yi wa hukunci a bayan idonsa ranar sauraron shari'a yana da kwana 6 kacal ya nemi a jingine hukuncin, sai dai idan kotu ta ƙara masa lokaci. Ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata 3 ne idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 kuma idan umarni ne na tsakiyar shari'a. Daga kotun majistare da ƙananan kotunan Shari'a, galibi kwana 30 ne.

Gargaɗi: lissafin yana farawa daga ranar hukunci, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ranar da ka samu labari tana da amfani ne wajen bayyana wa kotu dalilin jinkiri. Duk kwanan da ka ƙara bayan ka sani, kai za a tambaya a kansa, lauya ya fita daga ciki.

2. Je kotun da ƙafarka

Kada ka dogara da abin da tsohon lauya ya gaya maka ta waya. Ka tafi ofishin rajistara da lambar shari'arka, ka rubuta takardar neman kwafin da kotu ta tabbatar, mai hatimi da sa hannu da kwanan wata, na abubuwa huɗu: hukuncin kansa, bayanan zaman kotu tun daga ranar farko, duk takardun da ɓangarorin biyu suka shigar, da shaidar isar da sammaci da sanarwar zama. Sashe na 294 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa kotu ta ba masu shari'a kwafin hukunci cikin kwana 7 da yanke shi.

Shaidar isar da sammaci ita ce takardar da mutane suka fi mantawa da ita, alhali sau da yawa a cikinta mafita take. Ƙaramar takardar rantsuwa ce da ɗan aiken kotu yake cikewa, yawanci tana can ƙarshen fayil: ranar da ya kai takarda, wurin da ya kai, da sunan wanda ya karɓa. Ka karanta ta layi bayan layi. Wani lokaci za ka ga an kai sanarwar zama ofishin da lauyan ya tashi daga ciki tun bara, wani lokaci kuma za ka ga an ɗage shari'a a ranar da alƙali bai zauna ba, kuma babu wata sanarwa da aka aika game da sabuwar rana.

Ka riƙe rasit na kowane kuɗi da ka biya, domin kwanan watan da ke jikinsa hujja ce cewa ka tashi tsaye da wuri.

3. Ɗauki sabon lauya

Lauyan da ya yi sakaci ba zai iya tsayawa gaban alƙali ya bayyana sakacin kansa yadda ya kamata ba, kuma ƙa'idojin aikin lauya sun hana shi zama lauya kuma mai shaida a kan batun da ake jayayya a kansa a shari'a ɗaya. Sabon lauya zai shigar da sanarwar sauya lauya, ya kuma rubuta wa na farko ya miƙa fayil. Idan na farkon ya riƙe fayil saboda yana bin ka kuɗi, kada wannan ya tsayar da kai, kwafin da ka karɓo daga kotu ya isa a fara aiki.

A nan ina ba da shawarar da mutane ba sa son ji: kada ka yi faɗa da tsohon lauya yanzu. Idan zai yarda ya rubuta takardar rantsuwa cewa shi ne ya rubuta ranar zama ba daidai ba a littafinsa, ko yana kwance a asibiti, ko yaron ofishinsa ya karɓi sanarwa bai nuna masa ba, wannan takarda ta fi duk wata magana da za ka faɗa nauyi. Idan ya ƙi, a aika masa da wasiƙa mai shaidar karɓa, a kuma ba shi kwafin takardar da ke zarginsa, domin alƙalai ba sa son yanke magana a kan lauyan da bai san ana zarginsa ba.

Wanda ba shi da hali yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiharsa, ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mafi kusa, mata kuma suna iya tuntuɓar ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

4. Tantance irin hukuncin da aka yi maka

A wannan mataki ne ake yin kuskuren da ya fi tsada, domin kowane irin hukunci da ƙofarsa. Ƙa'ida ita ce idan alƙali ya yanke hukuncin ƙarshe, aikinsa a kan wannan shari'a ya ƙare, ba zai koma ya sake duba ta ba, abin da zai iya kawai shi ne gyara kuskuren rubutu ko na lissafi. Amma akwai wuraren da doka ta bar masa ikon warware hukuncinsa.

Na farko shi ne hukuncin bayan ido, wanda aka yi saboda ba ka bayyana ba ko ba a shigar da kariya ba. Wannan kotun da ta yanke shi tana da ikon jingine shi, kuma a nan ne uzurin sakacin lauya ya fi aiki.

Na biyu shi ne hukuncin da tun asali bai tsayu ba: ba a kai maka sammaci ba, ko ba a aika sanarwar zama ba a inda ya wajaba, ko kotun ba ta da hurumin sauraron shari'ar. Kotun Ƙoli ta shimfiɗa sharuɗɗan hurumi a shari'ar Madukolu da Nkemdilim a 1962, ta kuma tabbatar a shari'ar Skenconsult da Ukey a 1981 cewa rashin isar da takarda yana rusa duk abin da aka gina a kai. A irin wannan ba alfarma kake nema ba, haƙƙinka ne a ƙarƙashin sashe na 36 na Tsarin Mulki, wanda ya ba kowa damar a ji ta bakinsa. Sai dai ka lura, idan an kai sanarwa ofishin lauyanka yadda ya dace shi kuma ya yi shiru, doka tana ɗauka cewa an kai maka, don haka ka koma rukuni na farko.

Na uku, kuma mafi wuya, shi ne inda aka saurari shari'a har ƙarshe, lauyanka yana nan, amma ya yi aikin da bai kai ba: bai kira mai shaidar da ya kamata ba, bai miƙa takardar cinikin fili ba, bai yi wa shaidun abokin shari'a tambayoyin kirki ba. Kotun da ta yi hukunci ba za ta sake buɗe wannan ba, hanyarka ita ce ɗaukaka ƙara. Gaskiyar da ya kamata ka ji ita ce kotuna suna bambanta kuskuren bin ƙa'ida, kamar manta rana, da rashin iya aiki ko zaɓin dabarar da ba ta yi nasara ba. Na farkon ana yafewa, na biyun kuwa galibi yana bin mai shari'a. Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ba ta karɓar sabuwar hujja sai wadda ba yadda za a yi a same ta lokacin shari'a ko da an yi ƙoƙari, saboda haka takardar da ta kwana a jakar lauya da ƙyar take shiga.

Idan kai ne mai ƙara, ka duba kalmar da alƙali ya rubuta. Ƙarar da aka cire daga jerin shari'o'i saboda rashin halarta ana iya neman a dawo da ita ko a sake shigar da ita. Ƙarar da aka kora bayan an duba gundarinta kuwa ta rufu, sai ɗaukaka ƙara.

Saura biyu a taƙaice. Hukuncin da aka samu ta hanyar zamba, kamar takardar jabu, ana shigar da sabuwar ƙara ne domin a soke shi, tare da cikakken bayanin zambar. Hukuncin sulhu da lauya ya sa wa hannu ba da izininka ba shi ma galibi sabuwar ƙara yake buƙata, ɗaukaka ƙara a kansa kuma sai da izinin kotu, kamar yadda sashe na 241 na Tsarin Mulki ya tanada.

5. Tsayar da zartar da hukunci

Ɗaukaka ƙara ba ya hana a zartar da hukunci, sashe na 17 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya faɗi haka ƙarara. Wanda ya yi nasara yana iya neman takardar kama kaya bayan kwana 3 da hukunci, ta karɓe gida ko fili kuma bayan kwana 14. Saboda haka dole a shigar da roƙon dakatarwa tare da roƙon jingine hukunci ko takardun ɗaukaka ƙara, a kuma kai kwafi ga abokin shari'a da ofishin da ke zartar da hukunci a kotun. Kotu ba ta dakatar da hukunci haka kawai, sai akwai wata shari'a da ake jira a gabanta.

Ana fara neman dakatarwa a kotun da ta yi hukunci. Idan Babbar Kotu ta ƙi, akwai kwana 15 a kai roƙon Kotun Ɗaukaka Ƙara. Abin da za ka nuna, bisa ma'aunin shari'ar Vaswani da Savalakh ta 1972, shi ne idan aka zartar to ko ka yi nasara daga baya nasarar ba ta da amfani, misali za a rushe gini ko a sayar da gonar gado. Idan hukuncin kuɗi ne, ka shirya jin cewa sai ka ajiye kuɗin a asusun da kotu za ta riƙe.

Gargaɗi: abin da aka riga aka zartar ba a dakatar da shi. Idan an yi gwanjon gida ko fili, akwai kwana 21 a nemi soke cinikin saboda saɓa ƙa'ida. Idan kuma asusun banki aka riƙe, umarnin farko na wucin gadi ne, ka halarci zaman kafin a mayar da shi na dindindin. Kada ka kulle ƙofa ko ka tara matasa su tare ma'aikatan kotu, domin wannan raina kotu ne, kuma zai ɓata duk roƙon da kake yi.

6. Shirya roƙon jingine hukunci

Takardun su ne: roƙon kansa, wanda lauyoyi ke kira moshan, takardar rantsuwa, rubutaccen jawabin lauya, da kariyar da kake son shigarwa idan an buɗe maka ƙofa. Idan kwanakin sun wuce, roƙon farko a cikin takardar ya zama na ƙarin lokaci. Wanda ya manta da wannan, za a yi watsi da roƙonsa ba tare da an duba dalilinsa ba.

A shari'ar Williams da Hope Rising ta 1982 Kotun Ƙoli ta jera abubuwan da alƙali zai duba: dalilin rashin halarta, ko an yi jinkiri wajen kawo roƙon, ko abokin shari'a zai cutu, ko kana da kariyar da ta cancanci a saurara, da kuma halinka tun daga ranar da aka kai maka sammaci. Ana so dukkansu su kasance a gefenka.

Takardar rantsuwar ita ce zuciyar aikin. Jimla ɗaya cewa "lauyana ne ya yi sakaci" ba ta wadatar ba, alƙalai sun ji ta har sun gaji. Ka ba da labari da kwanan wata: ranar da ka ɗauke shi, nawa ka biya da rasit, ranakun da ka je ofishinsa, saƙonnin WhatsApp da ka aika kana tambayar ranar zama da amsar da ya ba ka cewa an ɗage. Idan akwai wata shida da ba ka neme shi ba ko sau ɗaya, lauyan ɗaya ɓangaren zai tsaya a kan wannan giɓi, don haka ka bayyana gaskiyar dalili, rashin lafiya ne ko tafiya, tare da takardar asibiti ko hatimin fasfo. Kada ka ƙirƙiri komai, rantsuwar ƙarya laifi ce mai hukuncin ɗauri.

Sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana sanya hujjojin doka ko roƙo a cikin takardar rantsuwa, abin da ya faru kawai ake rubutawa, abin da wani ya gaya maka kuma sai ka ambaci wanda ya faɗa da lokaci da wuri. Idan ba ka jin Turanci, dole a fassara maka ita kafin ka sa hannu, a kuma rubuta a ƙasa cewa an fassara, tafinta ya sa hannu.

7. Idan hanyar ɗaukaka ƙara ce kuma lokaci ya wuce

Kotun Ɗaukaka Ƙara ce kaɗai ke ƙara lokacin ɗaukaka ƙara zuwa gare ta, Babbar Kotu ba ta da wannan iko. Tana da rassa a Kaduna, Kano, Sakkwato, Jos, Gombe, Yola da Abuja, da sauran wurare. Sharuɗɗa biyu ne kuma tare suke tafiya: dalili mai ƙarfi na jinkiri, da hujjojin ɗaukaka ƙara waɗanda da ganinsu an san sun cancanci a saurara. A haɗa da kwafin hukunci da takardar ɗaukaka ƙarar da ake son shigarwa.

Hukuncin ƙarshe na Babbar Kotun da ta fara sauraron shari'a ba ya buƙatar izini, roƙo ɗaya na ƙarin lokaci ya isa. Amma inda ake buƙatar izini, kamar idan Babbar Kotun ta zauna ne a matsayin kotun ɗaukaka ƙara kuma hujjojinka sun shafi yadda aka auna shaida, dole roƙo uku su zo tare: ƙarin lokacin neman izini, izinin kansa, da ƙarin lokacin ɗaukaka ƙara. Rashin ɗaya yana kashe sauran.

Gargaɗi biyu. Ka duba da idonka cewa sunan lauya mutum ne a ƙasan takardar, da sa hannunsa da hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, kuma uzurin kuskuren lauya ba ya ceton irin wannan takarda. Na biyu, bayan an shigar, rajistara yana da kwana 60 ya haɗa kundin shari'a ya tura, idan ya kasa, kai kana da kwana 30 ka haɗa ka tura da kanka, sannan jawabin lauyanka ya shiga cikin kwana 45. Ɗaukaka ƙarar da aka kora saboda rashin shigar da wannan jawabi ba a dawo da ita.

8. Shari'ar da ta fito daga kotun Shari'a

A duba kundin ko alƙali ya yi i'izari, wato ko ya tambayi wanda za a yi wa hukunci ko yana da sauran hujja kafin ya yanke. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, rashin i'izari dalili ne na rushe hukunci. A kuma kula da inda za a kai ƙara: sashe na 277 na Tsarin Mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. Rikicin mallakar fili ko bashi Babbar Kotun jiha yake zuwa. Shari'o'i da yawa sun yi shekaru sannan aka rushe su saboda an bi ƙofar da ba ita ba.

9. Kuɗin da za ka tanada

Akwai kuɗin kwafi, wanda ake lissafawa bisa yawan shafuka, kuɗin shigar da takardu da rantsuwa, kuɗin kai takardu, da tarar jinkiri da ake ƙirgawa kowace rana, wadda a Babbar Kotun Tarayya naira 1,000 ce a kullum. Ko an amince da roƙonka, alƙali yakan sa ka biya abokin shari'a kuɗin ɓata masa lokaci. Haɗa kundin ɗaukaka ƙara shi ne yakan fi cin kuɗi bayan ladan lauya. Idan hukuncin kuɗi ne, ruwan da kotu ta ɗora, galibi kashi 10 cikin 100 a shekara, yana ci gaba da taruwa. Ka sa sabon lauya ya rubuta maka ladansa da abin da ya ƙunsa kafin a fara.

10. Inda ƙofar take a rufe

Sashe na 235 na Tsarin Mulki ya mayar da hukuncin Kotun Ƙoli na ƙarshe. Tana jingine nata ne kawai a 'yan wurare, kamar zamba ko rashin hurumi. A Fabrairun 2020, da aka nemi ta sake duba hukuncinta kan kujerar gwamnan Bayelsa, ta ƙi, ta kuma ci manyan lauyoyi biyu da suka kawo roƙon tarar naira miliyan 30 kowannensu. Shari'ar zaɓe ma haka take: kwana 21 na shigar da ƙara, kwana 180 na yanke hukunci da kwana 60 na yanke hukunci kan ɗaukaka ƙara suna cikin sashe na 285 na Tsarin Mulki, babu kotun da ke ƙara ko yini ɗaya saboda sakacin lauya.

11. Sannan ka waiwayi lauyan

Bayan ka shigar da takardun ceton shari'arka, hanya biyu ce a gabanka, kuma kana iya bin dukkansu. Ta farko ita ce koke ga Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi da ke Abuja, kai tsaye ko ta reshen Ƙungiyar Lauyoyi, da takardar rantsuwa da hujjoji. Kwamitin yana iya jan kunne, dakatarwa, ko soke sunan lauya daga rajista, yana kuma iya umartar sa ya mayar da kuɗi ko takardu. Ba ya taɓa hukuncin da aka yi maka.

Ta biyu ita ce ƙarar neman diyya. Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ya ce lauya ba shi da kariya daga asarar da sakacinsa ya jawo, duk yarjejeniyar da ta ce ba haka ba kuma ba ta da ƙarfi, sai dai idan kyauta ya yi aikin. Sashen ya ware abin da lauya ya yi a gaban alƙali lokacin gudanar da shari'a, saboda haka ƙararka ta fi ƙarfi a kan abin da ya faru a ofis, kamar barin lokaci ya wuce ko karɓar kuɗin shigar da takarda ba tare da an shigar ba. Dole ka nuna cewa da ya yi aikinsa, da akwai kyakkyawar damar ka yi nasara, ka kuma nuna adadin asarar. Wannan ƙara tana da nata wa'adin, shekara 5 ko 6 gwargwadon dokar jiha, don haka rasit, saƙonni da kwafin da ka tara tun mataki na biyu ka adana su wuri ɗaya, ka ba sabon lauya kwafi, asalin ya zauna a hannunka.